Ƙwan Kurungu

A gidan Gwaggo Asibi da ke Garo, a gindin katangar gabas, akwai wani kwami na siminti da babu irinsa daga nan har Gwarzo. Tsawonsa kamu uku, zurfinsa ya wuce gwiwar babba, gefensa ɗaya kuma gilashi ne. Jibirin magini ne ya yi shi, ɗan wan Gwaggo, wanda ta raina tun yana rarrafe. Simintin ragowar aikin kwalbatin hanya ne, gilashin kuwa na wata motar gyaɗa ce da ta kife kusa da Kabo, direban ya ce mai so ya ɗauka.

Matarsa Furera ce ta jawo aikin. Shekara huɗu ta yi a makarantar 'yan mata a birni, ta dawo da karatun boko da ɗinki da kuma kallon mutum cikin ido, abin da matan Garo ba su taɓa yafe mata ba. Wata rana tana ba shi labarin ɗakin malamarsu Baturiya, ta ce akwai akwatin gilashi cike da ruwa, kifi na yawo a ciki kana ganin har numfashinsa.

Jibirin ya ajiye lomar da ya ɗauko ya ce, "Da hannu aka yi shi?"

"Da me za a yi shi?"

"To ni da ƙafa nake gini?"

Kafin wata ya zagayo kwami ya tsaya. Abokinsa Sajo, ɗan masuntan Dugabau, ya kawo masa kurungu biyu a cikin gora, mace da namiji. Furera ba ta taɓa ganin kurungu da rai ba sai ranar. Kansa ƙashi ne zalla kamar an kifa masa kwalkwali, jikinsa ɗige-ɗige, ga ƙaya uku da yake miƙewa in an taɓa shi, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar tsoho mai mita. Ta sa musu yashi da fasasshen tulu su riƙa ɓuya. In ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma gaban gilashin, ta zauna tana kallon yadda suke lalube da gashin bakinsu.

Gari kuwa ya samu abin yi. In Jibirin ya wuce ta gindin durumin da dattawa ke zama, sai wani ya ɗaga murya.

"Sarkin magina! An yi wa kifi ɗaki da taga, matar gida tana cikin duhu!"

"Malam Jibirin, yaushe ne suna? A faɗa mana da wuri mu wanke riguna."

Tambayar sunan nan ta fi ciwo, don shekararsu uku da aure ko ɓatan wata Furera ba ta taɓa yi ba. Amma Jibirin dariya yake yi ya ce, "Za su haihu. Ku dai tanadi bakin cin goro."

"Kifi a kwami? Sai dai in kai za ka yi naƙudar!"

"Za su haihu," in ji shi, ya wuce.

Damina ta zo ta wuce, ba su haihu ba. Jibirin ya yi musu rumfar zana don kada ruwan sama ya dame su, yana cika kwamin da ruwan rijiya mai tsabta, kifi suka yi ƙiba, shi ke nan. Da aka gama girbi sai aka zo ɗibar mutane zuwa aikin kuza a ƙasar duwatsu, saboda yaƙin da Turawa ke yi. Sunan Jibirin ya fito, na Sajo ma ya fito.

Ranar tafiya da safe, ya tsuguna gaban gilashin da ƙunshin kayansa a kafaɗa, ya daɗe.

"Wata huɗu aka ce. Ki riƙe min su."

Furera ta ce, "In ka dawo ka tarar da gida ya cika da 'ya'ya, me za ka ba ni?"

"Taga. Zan fasa miki taga a ɗaki, da gilashinta da komai. Sai mu ga bakin da zai sake magana."

Wata biyu da 'yan kwanaki Sajo ya dawo shi kaɗai, da bargon Jibirin da cokalinsa na gini. Sanyin dutse ne ya shiga haƙarƙarinsa, kwana biyar ya yi yana tari, aka binne shi a can. Gwaggo Asibi ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Furera ta karɓi cokalin ta shiga ɗaki ta saki asabari.

A rana ta uku, gida cike da mata masu gaisuwa, Sajo ya zo bakin ƙofarta ya tsuguna daga waje.

"Furera, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya ba ki dangana."

"Amin. Malam Sajo."

"Na'am."

"Yaushe kurungu yake ƙwai?"

Wata tsohuwa ta ja salati. Sajo ya waiga ya dubi matan, sannan ya sunkuyar da kai, don shi ya san abin da take tambaya.

"Farkon damina," ya ce a hankali. "In sabon ruwa mai sanyi ya sauko kan tsohon da ya sha rana, ya hau kan ciyawa. A jikin ciyawar suke zubawa. Amma fa ba sa raino. In suka juyo suka tarar da ƙwan, cinyewa suke yi."

"Sabon ruwa," ta ce. Sai ta tuna rumfar zanar da mijinta ya wahala ya kafa, ya tsare su daga abu ɗayan da suke jira. A nan ne ta yi kukanta, ba sauti, bakinta cikin bargo.

Kafin magariba labari ya gama gari: 'yar boko, mijinta ko bakwai bai yi ba, kifi take tambaya. Ta ji. Daga Madadi mahaifinta ya aiko cewa ranar da ta fita takaba wanta Mato zai zo da jaki ya kwashi kayanta. Ta ƙirga a yatsa, wata huɗu da kwana goma zai kai ta bakin damina, ko ya haura kaɗan. Kwamin siminti ba ya hawa jaki. In maganar Jibirin za ta tabbata, sai dai ta tabbata kafin ranar, a gidan nan, a gaban mutanen da suka yi masa dariya.

Mai takaba ba ta fita, don haka duk abincin kifin a cikin gida ta neme shi. Ta tona makwararar bayan ɗaki ta ciro tana. Ta kankare gara daga jikin danga. Ta ajiye wani tsohon kasko da ruwa a bayan rumbu don sauro ya zuba tsutsarsa, kowace safiya ta tace da gefen mayafi ta juye musu. Da bazara ta kankama, rijiyar gida ta ja baya har guga na dawowa da laka, ruwan kwami ya riƙa ɗumi kamar na wankan jego. Kifin suka daina fitowa daga cikin tulu. Furera ta jiƙa buhu ta lulluɓe gilashin, ta rage ruwan wankanta ya koma ƙwarya ɗaya, sauran ta bar shi ya kwana ya kwanta ta ƙara musu.

Gwaggo Asibi ta gaji da kallo. "Ke 'yar nan, ruwan da zan yi tuwo kike ba waɗannan marasa salla?"

"Nawa kason ne, Gwaggo."

"Ki dubi wuyanki a madubi. Kin zama kara. In ya so ki soya su ki ci, ko kya yi kumari."

"Ba zan ci ba."

"Da haihuwar taki ce kika dage mata haka, da yanzu ina da abin goyo."

Maganar ta fita kafin tsohuwar ta kama ta. Furera ta dube ta cikin ido, irin kallon nan, ta juya. Daga ranar magana tsakaninsu ta koma gaisuwar safe da ga tuwonki. Amma sau biyu Furera na leƙowa ta asabari da rana tsaka, ta ga Gwaggo tsugune gaban gilashin ta ɗaga gefen buhu, tana marmasa musu gara tana cewa, "Kai mai taurin kan nan, kai ne shi sak. Fito ka ci." Ba ta nuna ta gani ba.

Saura kwana goma sha biyar ta fita takaba, hadari ya haɗu da la'asar. Furera ta kwance rumfar zana ta jefar gefe. Ta kwashe rabin ruwan kwami da ƙwarya, ta bar indararo ya wanke ƙurar soro, sannan ta tara randa ta riƙa juyewa a ciki, ruwa na dukanta. Ta tsinke saiwar jema da ake sa wa randa don ƙamshi, ta ɗaure dami biyu da ciyawar da ta bushe a kan danga, ta nutsa su da dutse. Kifin suka fito suka zagaya, suka koma tulu. Washegari ba komai. Jibi ba komai.

A rana ta huɗu aka sake yin ruwa, mai ƙarfi, da ƙanƙara ƙanana. Ta sake yin yadda ta yi. Da gari ya waye, tana idar da salla ta fito, ta tarar kwami ya hargitse. Namijin na bin macen daga wannan kusurwa zuwa waccan, suna kutsawa cikin ciyawa suna fitowa, yashi ya tashi. Ta durƙusa ba ta motsa ba har rana ta hau katanga. Da ruwan ya lafa sai ta gan su: ƙananan ƙwallaye, ba su kai ƙwayar gero ba, launin zuma, manne a jikin jema da ciyawa, wasu a jikin gilashin kansa.

Ta ɗauko sabuwar kwatarniyar da ta tanada, ta ɗebi ruwan kwamin a ciki, ta ɗaga damin nan biyu a hankali ta mayar can. Na jikin gilashi ta sharo su da gashin kaza. Ta kai kwatarniyar ɗakinta ta ajiye inda haske ke shigowa ta ƙofa. Ta yi niyyar kiran Gwaggo, sai maganar goyon nan ta dawo mata. Ta ce a ranta, bari su ƙyanƙyashe tukuna, ta gani da idonta.

Da hantsi aka ji shela: duba-gari, mai duba tsabtar gidaje, ya iso daga Gwarzo, yana unguwar gabas, gida-gida yake shiga.

Gwaggo Asibi na da tsohon miki game da duba-gari. Shekara biyu da suka wuce an sami tsutsa a randarta, aka fito da randar ƙofar gida aka tuntsurar a gaban jama'a, matan unguwa suka yi wata guda suna tambayarta ko ta koyi wanke tukunya. A gidan maƙwabta kuwa har fasa wata tsohuwar kwatarniya aka yi. Gwaggo ta tuntsurar da kaskon bayan rumbu, ta wanke randuna, sannan ta tsaya tana kallon kwamin: ruwa kwance, kore-kore, kamu uku. Ta zo ƙofar Furera.

"Ke, duba-gari ya shigo. Ya za mu yi da abin nan? Fasa shi za su yi."

Furera na sunkuye kan kwatarniya da tsinke, tana cire ƙwan da suka yi fari. Ba ta ɗago ba. "A bar shi ya zo. Ni zan yi masa bayani."

"Mai takaba ce za ta tsaya gardama da baƙon namiji? A gidana?"

"Gwaggo, don Allah a bar ni yanzu."

Tsohuwar ta juya. Ta taɓa ganin leburorin duba-gari suna zuba mai a kududdufin bayan gari, suka ce ruwan da aka yi wa haka ba ruwansu da shi. A ƙarƙashin gadonta akwai 'yar kwalbar kananzir da take ta tattali tun da yaƙi ya sa ya yi wuya, ko fitila ba ta yarda ta kunna da shi. Ta ɗauko, ta juye shi duka a kan ruwan, ta sa kara ta baza.

Warin ne ya fito da Furera. Ta ga saman ruwan na walƙiya da launi-launi, kifin biyu sun taso suna haɗiyar iska ta cikin man, suna juyawa ciki sama. Ba ta san lokacin da ta tsoma hannu biyu ba. Namijin ya miƙe ƙayarsa ta shige tafin hannunta, ba ta sake shi ba, ta jefa shi randar sha, ta komo ta kamo macen. Ta canza musu ruwa, ta sake canzawa, jini na bin gwiwar hannunta.

"Ai a sama yake tsayawa," Gwaggo ke faɗi a bayanta. "Na gani da idona, a sama yake tsayawa. Su kuwa a ƙasa suke zama. Don kada a fasa masa ne. Aikin hannun yaron nan ne fa, shi kaɗai ya rage min a gidan nan."

Macen, da ma ta gaji da aikin safiya, ko minti goma ba ta yi ba ta mutu. Namijin ya jima yana gurnanin nan nasa a bakin randa, yana raguwa, har ya daina.

A kan haka aka yi sallama. Duba-gari ne, wani dogo mai suna Malam Nata'ala, da kakinsa da ludayinsa mai dogon hannu. Ya gaida Gwaggo, ya yi mata ta'aziyya da ya ga mai farin mayafi ta juya baya. Ya leƙa randuna, sannan ya zo kan kwamin ya tsaya. Ya shafa gilashin, ya duba yadda aka kama shi da siminti.

"Kai, wannan magini ne. Inna, me ake sakawa a ciki?"

Gwaggo ta nuna kifin biyu a kan faifai.

"Subhanallahi. Wa ya zuba musu kananzir? Ai ruwan da ke da kifi ba ma taɓa shi, Inna. Tsutsa ba ta kwana a ciki. Kifi ya fi mu iya aikin nan, da kowane gida zai yi irin wannan da na huta da yawo."

Gwaggo Asibi ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. Malam Nata'ala ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ga ya taka abin da bai sani ba, ya yi sallama ya fita.

Furera ta haƙa rami a gindin katanga da cokalin ginin Jibirin, ta binne su. Ta wanke kwamin da toka da yashi har sau biyar, amma siminti ya riga ya sha, ko an cika shi da sabon ruwa sai man ya taso. Ta bar shi. Ta ɗaure hannunta da tsumma, ya kumbura har ba ta iya riƙe muciya, ta koma ɗaki kan kwatarniyarta. Kwana biyu Gwaggo na ajiye mata tuwo a bakin ƙofa ta tafi, nata kuwa kaji ke ci.

Fiye da rabin ƙwan sun yi fari sun yi gashi, tana cirewa ɗaya bayan ɗaya. A safiya ta uku ta ga wani abu kamar gashin ido ya motsa a gindin kwatarniya. Ga wani. Ga wasu can a ƙarƙashin jema, kowanne da ɗan ƙunshin ciki, suna wutsil-wutsil. Ta daɗe zaune. Sannan ta ɗauko farin kwanon sha, ta kamfato uku a ciki, ta fita tsakar gida inda tsohuwar ke zaune ta zuba wa katanga ido.

"Gwaggo. Ki duba."

Idon Gwaggo ya yi rauni, sai da ta kai kwanon kusa da hanci, ta karkata shi wajen rana. Ta ga ɗigo uku suna yawo a kan farin kwano.

"Na waye?"

"Nasu. Da safen ranar suka zuba. Na kwashe kafin... Da na faɗa miki, Gwaggo. Ban faɗa miki ba."

Tsohuwar ba ta ji ƙarshen ba, ko ta ji ta bar shi. Kwanon kawai take kallo. "Ya faɗa," ta ce. "Yaron nan ya faɗa."

"Ya faɗa."

Tare suka yi rainon kwanakin da suka rage. Gwaggo ta dafa ƙwan zabuwa, Furera ta murje gwaiduwar a ruwa ta ɗiga musu da tsinke. Duk da haka kullum safiya sai an tsinci matattu. Sun fi arba'in da farko. Ranar da Furera ta yi wankan fita takaba, sha ɗaya suka rage, sun fara ɗige-ɗige, gashin bakinsu ya fito siriri.

Mato ya iso da jaki tun da hantsi, ya ɗaure akwati da tabarmi. Ya miƙa hannu zai karɓi kwatarniya, ta ce jaki girgiza gare shi, ita za ta ɗauka. Ta ce wa Gwaggo ta zaɓi nata a ciki, tsohuwar ta girgiza kai.

"Hannuna ba na riƙo ba ne. Tafi da su. In sun girma ki aiko min da labari."

Ta rako ta har zaure, ta gyara mata gammo, ta koma ciki da sauri.

Hanyar Madadi ta gindin durumi ta bi. Dattawan na nan zaune. Mato ya yi gaisuwa zai wuce, Furera ta tsaya. Ta sauke kwatarniyar a gabansu, ta yaye ganyen da ta rufa.

"Sannunku da hutawa, Baba. Kuna ta tambayar ranar suna. Mai gidan ba ya nan, shi ne na ce bari in kawo muku su ku gani."

Ba wanda ya yi dariya. Wanda ya fi kowa tsokanar Jibirin ya taso da sandarsa, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya share fuska da hannun riga.

"Allah ya jiƙan magini," ya ce.

"Amin," in ji ta. Ta mayar da ganyen, ta ɗora kayanta a ka ba tare da ta jira taimako ba.

Saboda kada ruwan ya yi tangaɗi, tafiyar rabin wuni sai da ta cinye musu wuni guda. Sau uku Mato na tsayawa da jaki yana jiranta a inuwa. Da suka isa Madadi, kafin ta gaida kowa ta sauke kwatarniyar a ɗakin innarta, wanda shi ma ba taga, ta ja ta bakin ƙofa ta ƙirga. Bakwai ke motsi. Ta sake ƙirgawa, bakwai ɗin ne. Ta tsame huɗun da tsinke, ta fita ta tambayi innarta ko akwai tsohon kasko a gidan da ba a amfani da shi, za ta tara musu tsutsar sauro.